Eriyar Kan Tanki da Saƙon Goggo Hafsatu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku gyara zama. Wannan ba ta zamanin da ba ce. A nan Garwa aka yi ta, wasu daga cikin mutanenta ma har yau kuna iya cin karo da su a kasuwa.

Akwai wani mutum, Malam Sharif mai eriya. Kakanninsa fatake ne, da goro da tufafi suka shigo garin nan, amma shi hannunsa bai karɓi ciniki ba, sai waya da ƙarfe. Shagonsa na ƙarƙashin wata dalbejiya a kan hanyar gada. Shekara arba'in yana ɗaura wa mutane eriya, ta rediyo, ta talabijin, ta manyan motocin da ke tasowa daga Ngawundere, kuma ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Wannan maganar ita ce rawaninsa, don ba shi da wani.

Tun yana da ƙuruciya wani ma'aikacin filin jirgi, Léon, ya koya masa wata dabara a kwamfuta. Kafin ka yanka bututun eriya sai ka zana shi a ciki, ka zana abin da zai tsaya a kai, na'urar ta yi lissafi ta gaya maka tsawon da za ka yanka. Sai dai yadda Léon ya koya masa, waya kaɗai ake zanawa. In rufin mota ne, ko tanki, sai ka saƙa shi da wayoyi kamar raga. Sharaɗin guda ne: ramukan ragar su zama ƙanana. In suka yi faɗi, na'urar ba za ta ce maka uffan ba, lissafi za ta ba ka mai kyaun gani, alhali ƙarya ce.

Yana da 'yar fari, Rahma. Kun san yadda ake da ɗan fari a gidajen da suka riƙe kunya, balle mu da muka zauna cikin Fulani muka ƙara da tasu. Malam Sharif bai taɓa kiran sunanta ba. “Yarinyar nan” yake cewa, ko da ta kai shekara talatin. Ba ya kallon fuskarta, ba ta zama inda yake zaune. In da magana, uwarta Rabi'atu ce ke kaiwa ta komo. Da Rabi'atu ta rasu, aikin ya koma hannun ƙanwarsa, Goggo Hafsatu, wadda ta dawo gidan da zama. Hafsatu kuwa mace ce mai zaƙin baki. Ko saƙon mutuwa aka ba ta, sai ta fara da labarin damina. Da bakinta ta ba ni labarin nan, tana faɗa tana share hawaye da bakin gyale.

Rahma ta gaji ubanta ba tare da ya taɓa koya mata komai ba. Daga bayan labule ta koya, da kallo. Ta yi karatu a Ngawundere, ta wuce Yawunde, ta dawo injiniya, tana aikin turakun tarho. A can ta koyo wata hanyar zanen daban. Maimakon a saƙa tanki da waya, sai a lulluɓe shi da ƙananan faci, ɗaya jikin ɗaya, kamar yadda baduku ke rufe ganga da fata, ba kafa ko ɗaya. Ga abu rufaffe, mai ciki da waje, wannan hanyar ta fi faɗin gaskiya.

Ana nan, wata rana sai ga François a shagon. Tsohon abokin Malam Sharif ne, mutumin duwatsun bayan Mokolo, tare suka yi ƙuruciya a Garwa kafin ya koma gida noma.

“Alhajin waya! Har yanzu kana nan kana cutar mutane?”

“Ɗan dutse, wa ya nuna maka hanyar gari? Jabbama, barka da zuwa, zauna, kada ka fasa mini benci.”

François ya zauna, ya sha ruwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ƙauyensu na cikin kwari, tarho ba ya kamawa, gidaje a warwatse bisa duwatsu. In an yi mutuwa sai an kwana biyu kafin dangi su ji. In masu rigakafi za su zo, rabin mata ba sa sani. Shekara shida suna neman injin watsa murya, ƙarami, don su buɗe gidan rediyo da harshensu na Mafa. Yanzu wata coci ta ba su.

“Guda ɗaya ne tak, Sharif. In ya lalace babu wani. Na ce musu ba mai taɓa shi sai kai.”

Wuri mafi tsawo a ƙauyen shi ne tankin ruwa na ƙarfe, wanda suke kira shato. A kansa eriyar za ta tsaya. François ya zo da awon tankin a igiya, an ƙulla kowane awo.

Malam Sharif ya yi kwana huɗu yana zane. Ranar Juma'a, ya tafi masallaci, Rahma ta kai masa abinci shago, ta tarar da kwamfutar a kunne. Ba ta yi niyyar dubawa ba, amma ido ba shi da linzami. Ta ga tankin a saƙe da waya. Ta san tsofaffin zanensa, ragarsu kamar rariyar tankaɗe. Wannan kuwa ramukanta akuya ma sai ta wuce. Ta ga ya ƙara girman rubutun allon har harafi ɗaya ya kai babban yatsa. Nan ta gane. Ba mantuwa ya yi ba. Ƙananan ramukan ne ba ya iya gani.

Ta kwafi awon, ta koma gida, ta lulluɓe tankin da faci a tata kwamfutar. Lissafin ya fito daban. Don kada ta zalunci hanyar ubanta, ta sake saƙa tankin da waya irin tasa, amma da ƙananan ramuka, sai ga shi ya matso kusa da na facin. Hanya biyu sun yi shaida ɗaya: bututun da zai yanka ya gaza da yatsu shida, kuma inda zai haɗa wayar a gindinsa ba nan ba ne.

Ta sami Goggo Hafsatu tana gyaran zogale a tsakar gida.

“Goggo, saƙo zan ba ki wurin Baba. Don Allah yadda na faɗa haka za ki faɗa.”

“Yau kuma ni za a koya wa kai saƙo? Tun rasuwar uwarki nake wannan aiki.”

“Ki ce masa ramukan ragar sun yi faɗi, lissafin ba daidai ba ne. In ya yanka bututun a haka, muryar ba za ta sami hanyar fita ba, komawa za ta yi cikin injin ta zama zafi, ya ƙone. Ki ce masa kuma... Ki ce idonsa ne. Ya tafi da ni, in tsaya kusa da shi in duba masa allurar ma'aunin injin in an kunna.”

Hafsatu ta ajiye tiren. “Ke! In je in ce wa Yaya ya makance?”

“Goggo, inji ɗaya gare su.”

“To, na ji. Bar ni da shi.”

Da la'asar Hafsatu ta sami yayanta zaune a zaure. Ta gaya mini ta shiga da maganar a bakinta cif, yadda aka ba ta. Sai ta ga yana lalube tabarma yana neman carbinsa, carbin kuwa ga shi nan gefen gwiwarsa. Ya ji motsinta, ya janye hannu da sauri, ya yi kamar ƙura yake kakkaɓewa. Mutumin da ya goye ta, ya aurar da ita, ya karɓe ta da mijinta ya mutu. Maganar ta narke mata.

“Yaya, yarinyar nan ta ga aikinka na shago.”

“Uhm.”

“Ta ce hannu dai hannu ne. Sai ɗan abin da ba a rasa ba, wajen gindin, in ka samu sarari ka sake dubawa.”

Ya yi murmushi yana kallon ƙasa. Shekara talatin bai taɓa jin abin da 'yarsa take gani game da aikinsa ba. “Gindin na sani. Zan ƙara masa ƙusa biyu saboda iska.”

“Tana kuma son ta je bikin buɗewar.”

“Ta shiga motar mata.”

Hafsatu ta koma ta ce wa Rahma, “Na faɗa masa. Ya ce zai duba, kuma da ke za a je.” A cikin abin da ta faɗa babu ƙarya ko ɗaya, shi ya sa Rahma ta kwantar da hankalinta.

Ranar buɗewa duk duwatsun suka sauko. An kafa rumfa, an yanka awaki, 'yan mata na rawa da ƙwarya. Rana tsaka, zafi kamar a bakin murhu. Motar mata ta makara a hanya, taya ta fashe kafin Mokolo, don haka lokacin da su Rahma suka iso an riga an ɗaura eriyar. Ta ɗaga kai ta dubi bututun a kan tanki, yana ƙyalli. Wanda ya san abu ba ya bukatar igiyar awo. Guntun ne.

“Goggo, me kika ce masa?”

Hafsatu ta kau da kai.

An sa injin a wani ɗan ɗaki a gindin tankin, ƙofa a buɗe, manyan ƙauye na tsaye a baki. Akwai ma'aunin da ake sawa tsakanin inji da eriya, mai allura. In allurar ta kwanta, lafiya. In ta miƙe, a kashe maza. Ko lissafi ya yi ƙarya, allurar nan ba ta yi. Rahma na daga cikin mata, taku ashirin tsakaninsu, ta ga ubanta ya kunna, ya sunkuya kan ma'aunin. Ya daɗe a sunkuye. Ya goge gilashin da hannun riga, ya ƙara matsawa har hancinsa ya kusa taɓa shi. François na gefensa yana dariya, yana cewa, “Alhajin waya, addu'a kake masa?”

Rahma ta ɗaga ƙafa. Hafsatu ta riƙe mata zane.

“A gaban mutane? A gaban abokinsa?”

Ni dai ba zan ce muku riƙon ne ya tsayar da ita ba. Riƙon tsohuwa ne, da ta fizge ta wuce. Shekara talatin ne suka riƙe ta. Ba ta san da wace murya za ta kira shi ba, tunda ba ta taɓa yi ba.

Malam Sharif ya miƙe ya ce, “Ya yi.”

Aka yi guɗa. Agnès, matar François, ita aka zaɓa ta fara magana. Ta zauna gaban makirfo, ta gaida mutane da Mafa, sai ga muryarta tana fitowa daga ƙananan rediyoyin da ke hannun jama'a. Wata tsohuwa ta rungume rediyonta tana kuka. Agnès ta fara kiran sunayen unguwanni ɗaya bayan ɗaya, kowace aka kira mutanenta su yi ihu. Ta kira goma sha ɗaya. Tana cikin ta goma sha biyu muryar ta shaƙe, ta yanke. Sai shuuu. Wari ya fito daga ɗakin, irin na robar da ta faɗa wuta.

Ba wanda ya zage shi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Mutane suka kashe rediyoyinsu, suka tsaya, daga baya suka fara hawa duwatsunsu da naman da ba a ci ba. François ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Inji ne, Sharif, ba mutum ba.” Amma bai kira shi Alhajin waya ba.

Washegari da hantsi, a gida, Malam Sharif ya sa aka kira su su biyu. Ya zauna a zaure yana fuskantar bango, Hafsatu a tsakiya, Rahma a bakin ƙofa daga waje.

“Hafsatu, tambaye ta. Ta sani?”

Rahma ta ce, “Goggo, ki ce masa na sani.”

“Tambaye ta tun yaushe.”

“Tun ranar Juma'ar da na kai abinci.”

Hafsatu ta fashe da kuka. “Yaya, ta ba ni saƙo. Ta ce ragar ta yi faɗi, ta ce injin zai ƙone, ta ce a bar ta ta duba maka allura. Ni ce na tace shi. Na ga kana neman carbi...”

Ya ɗaga hannu ta yi shiru. Can ya ce, “Allurar ban gan ta ba. Na san ban gani ba, na ce ya yi. Wannan ba ke kika faɗa ba, ni na faɗa.” Ya laluba aljihu ya ciro makullin shago, ya ajiye a tabarma, ya tura shi wajen ƙofa da yatsa. “Ki ba ta.”

Daga ranar bai sake zuwa ƙarƙashin dalbejiyar ba. An kai shi asibiti, suka ce jijiyar idon ce, an makara. Kafin damina ta zagayo, hasken rana kaɗai yake bambancewa.

Bayan shekara biyu mutanen ƙauyen suka sami wani injin. François ya sake zuwa Garwa, ya gaida abokinsa, suka yi hirar gero da ciwon gwiwa, ba wanda ya ambaci eriya. A tsakar gida ya sami Rahma. Ya ce mutane sun ƙi tankin, sun ce ba shi da sa'a, a kan rufin lekol, makarantar ƙauyen, suke so.

Rahma ta zana rufin da facinta, yadda ta saba. Lissafin ya fito shirme. Ta sake, ya sake fitowa shirme. Sai ta tuna abin da aka taɓa gaya musu a makaranta: irin facin da ke cikin na'urarta abu rufaffe yake so, mai ciki da waje. Rufin kwano kuwa falle ɗaya ne, sirit, ba shi da ciki. Wannan aikin raga ne. Ta iya saƙa ƙananan ramuka, amma ta rasa kaurin da za ta ba wayoyin. In ta sirance su lissafi ya tafi gabas, in ta kaurara ya tafi yamma.

Kwana uku tana fama. A na huɗu ta ɗauki kwamfutar ta zauna a bakin ƙofar zaure, daga waje. Ta kira Goggo Hafsatu.

“Ki ce masa rufin kwano ne. Ki ce faci ya ƙi.”

Hafsatu ta juya ga yayanta ta ce, “Rufin kwano ne. Faci ya ƙi.” Ba ta ƙara ko gishiri ba.

Tsohon yana kwance, ya tashi zaune. “Tambaye ta faɗin ramin.”

“Taƙi ɗaya.”

“Taƙi ɗaya,” in ji Hafsatu.

“Madalla. Ki ce mata ta ɗauka kowace waya fata gare ta. In aka feɗe fatar aka shimfiɗa, ta rufe ramin da ke gefenta daidai, ba ragi ba ƙari. Kaurin ke nan. Haka Léon ya ce, ni kuma na gwada a kan motoci sun fi ɗari.”

Duk da kowa na jin kowa, Hafsatu ta maimaita, kalma bayan kalma, tana tuntuɓe a kan abin da ba ta gane ba. Har ya yi dariya ya ce, “Hafsatu, yau kin zama injiniya.” Ta ce, “Yaya, aku dai na zama, kuma na gode Allah.”

Rahma ta sa kaurin. Lissafin ya zauna. Ta ƙara ƙanƙanta ramukan don ta gwada shi, bai motsa ba.

“Ki ce masa ya zauna.”

“Ya zauna.”

“Ki ce mata kada ta yarda da shi duk da haka. Raga ko faci, duk zane ne. Ta yanka bututun da ɗan saura, ta hau rufin, ta dubi allura da idonta, ta rage kaɗan-kaɗan.” Ya koma ya kwanta. Har Hafsatu ta fara tashi, sai ya ce, “Ki ce mata kuma, a kan tankin nan, ita ce da gaskiya.”

Hafsatu ta buɗe baki za ta maimaita, sai ta fasa. Ba a bukata ma. Rahma ta rufe kwamfutar, ta daɗe zaune a bakin ƙofar.

Tare suka yi sauran aikin, mako biyu, shi a ciki, ita a waje, Goggo a tsakiya. Har bututun ta kawo masa ya shafa da hannu daga gindi zuwa kai, ya ce a gaya mata yankan ya yi kyau. Hafsatu ta ce tun rasuwar Rabi'atu ba ta ga yana cin abinci kamar a kwanakin nan ba.

Saura kwana tara a buɗe gidan rediyon, zazzaɓi ya kama shi ranar Talata, ranar Alhamis da azahar ya cika. François ya zo jana'iza, ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu har aka gama.

Nan tatsuniyar ta tsaya. Malam Sharif yana kwance a maƙabartar Garwa, bai ji rediyon ba, kuma har ya bar duniya bai kira sunan 'yarsa ba. Rahma ta hau rufin lekol ta dubi allurar da idonta, allurar ta kwanta, injin yana aiki har yau. Ita ke riƙe da shagon ƙarƙashin dalbejiya, ba ta sauke allon sunansa ba. Agnès ce ke karanta sanarwa kowace safiya, ranar farko ta soma daga unguwa ta goma sha biyu. François ya daina saukowa Garwa, ya ce gwiwa. Goggo Hafsatu tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, kuma ko kuɗin cefane aka ce ta kai wa maƙwabta da saƙo, sai ta ce a aiki wani.